Wi-Fi ba ya hawa bene a gidanmu: mesh zan saya ko kebul zan ja?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Gidan mahaifinmu ne a nan Kano, bene hawa biyu: ƙasa falon Alhaji da ɗakin baƙi da kicin, tsakiya sashen Hajiya da ƙannena mata, can sama ni da iyalina. A bayan gida kuma akwai ɗakunan samari, gini ne daban. Rauta ɗaya muke da ita, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, irin mai layin waya ta 5G, tana falon Alhaji kusa da talabijin. A falon ba ka da abin cewa, komai na tafiya. Da ka hau tsakiya sai ka ga sanda biyu, ɗakin Hajiya da yake ƙurya sanda ɗaya ce, ita ma tana zuwa tana tafiya. Sama kuwa ko sunan Wi-Fi ɗin ba ya fitowa sai ka tsaya a ƙafar bene.

Abin da ya fi damuna Hajiya ce. Yayarmu tana aure a Madina, kusan kullum da daddare suke kiran bidiyo don ta ga jikokinta. Sai an ɗauko mata kujerar roba an ajiye a bakin matakala, ga ciwon gwiwa, ga sauro. Na sa ekstenda, wato 'yar na'urar da ke karɓar Wi-Fi ta maimaita shi, a koridonta, sanda ta cika fal a waya, amma hoton sai ya daskare, murya tana yankewa. Jiya wani mai shago ya ce in sayi babbar rauta mai eriya takwas, wai ita tana huda bango. Kafin in sake zuba kuɗi nake so in ji ta bakinku.

Sadiq Kaduna:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, ka bar maganar eriya takwas ɗin nan. Mesh za ka saya, wato na'urorin Wi-Fi da ke miƙa wa juna sigina ta iska, mai guda uku a kwali, ka sa ɗaya a kowane hawa. Ni Deco na TP-Link nake amfani da shi, gidana ma bene ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ban ja waya ko ɗaya ba. Da manhaja a wayarka za ka haɗa su, nan da nan ka gama. Suna ɗaya ne a duk gidan, ba ruwanka da canza Wi-Fi in ka hau sama.

Auwal:
Ka sa Starlink ka huta kawai.

Malam Habu:
Auwal, Starlink maganin intanet ne daga waje zuwa cikin gida. Shi kuma ya ce a falo komai lafiya lau, ke nan abin da ke shigowa ba shi da laifi. Matsalarsa daga falo zuwa ɗakin Hajiya take, kuma rautar Starlink ma Wi-Fi take bayarwa kamar kowace rauta. Bangon da ya tare waccan zai tare wannan.

Baban Hanifa, sana'ata ke nan, haɗa netwok a ofisoshi da makarantu da gidaje. Kafin kowa ya ce maka sayi kaza, ka fara yi mana awo. Sandunan da ke saman waya ba ma'auni ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. In Android gare ka, ka sauko da ɗaya daga cikin manhajojin auna Wi-Fi, suna nan kyauta. Za ka ga lamba mai alamar ragi a gaba, an rubuta dBm a gefenta. Gwargwadon kusancinta da sifili, gwargwadon ƙarfin sigina. Kamar -50 ƙarfi ne sosai. Da ta wuce -67 ta nufi -70 kiran bidiyo ya fara wahala. In ta kai -80 ka ɗauka babu. Ka auna a falo, a bakin matakala ta tsakiya, a daidai inda ekstenda take, a kan gadon Hajiya, sannan sama. Ka kuma faɗa mini bulon ginin inci nawa ne, da kuma ko matakalar a buɗe take daga ƙasa har sama ko akwai ƙofofi.

Baban Hanifa:
Na gode Malam. Ga abin da na samu, na cire ekstenda kafin in auna. Falo -45. Bakin matakala ta tsakiya -66. Inda ekstenda take -78. Kan gadon Hajiya -81. Sama a bakin matakala -84, cikin ɗakina babu komai. Bulo inci tara ne kusan duka, har na ciki, Alhaji ya ce haka ya sa a yi. Matakala a buɗe take daga ƙasa zuwa tsakiya, amma tsakanin tsakiya da sama akwai ƙofar ƙarfe, kullum a rufe take saboda yara.

Malam Habu:
Madalla, yanzu magana ta fito. A lambar nan, duk ragin 3 rabin ƙarfin ne ya tafi, ragin 10 kuma saura kashi ɗaya cikin goma. Daga -45 zuwa -81 ragin 36 ke nan. Abin da ke isa gadon Hajiya bai wuce kashi ɗaya cikin dubu huɗu na abin da ke falo ba.

Me ya cinye shi? Dekin. Kankare ne mai kauri, kuma an saƙa rodi a cikinsa tsaye da kwance. Kankare yana shanye sigina, ƙarfe yana mayar da shi baya. Ka ƙara da bulo inci tara biyu ko uku da filasta da tayil. Sannan siginar ba a miƙe take ratsa dekin ɗin ba, a karkace take bi tunda ɗakin Hajiya ba a saman falon yake ba, don haka kaurin da take ratsawa ya fi na ainihi. Yawancin abin da ake rubutawa a jikin kwalin rauta, cewa tana ɗaukar gida mai girma kaza, da gidaje irin na Amurka aka ƙiyasta, inda bangon cikin gida katako ne da allon filasta. Ba irin gininmu ba ne.

Babbar rauta ba za ta fisshe ka ba, ga dalili. Wi-Fi magana ce ta ɓangare biyu. Ko rauta ta yi ƙarfin da za ta isa ɗakin Hajiya, dole wayar Hajiya ta mayar da amsa ta cikin dekin ɗin nan, ita kuwa waya 'yar eriya ce da ita a cikin jikinta, da ɗan ƙaramin batir. Yawan eriya amfaninsa ƙara gudu da ɗaukar na'urori da yawa lokaci guda, ba huda kankare ba.

Ekstenda kuma, ka san mai jiyar da sahun baya kabbarar liman idan babu lasifika. In ya tsaya inda shi kansa ba ya jin liman sosai, duk ƙarfin muryarsa ba zai amfani kowa ba. Taka tana zaune a -78. Wayar Hajiya tana jin ekstenda da ƙarfi, shi ya sa sanda ta cika, amma ekstendar ba ta jin rauta. Ga shi kuma irin mai rediyo ɗaya sai ta karɓa sannan ta maimaita a kan tasha ɗaya, gudun yakan ragu kusan rabi tun kafin a je ko'ina. Yau da daddare ka mayar da ita soket mafi kusa da bakin matakala, inda ka samu -66. Ba magani ba ne na dindindin, amma wataƙila Hajiya ta samu yin kiran daga falonta.

Maganin dindindin kebul ne. Ka ja kebul na netwok zuwa kowane hawa, ka sa na'urar raba Wi-Fi a ƙarshensa, wadda muke kira AP. Sigina ba ta sake ratsa dekin ba ke nan, kebul ya tsallakar da ita.

Sadiq Kaduna:
Malam Habu, da girmamawa, ku masu sana'ar nan kullum kebul kuke kawowa. Mutum ya gama gininsa ya yi fenti, a ce ya koma fasa bango? Mesh na yanzu ba ekstenda ba ne. Akwai mai rediyo uku, ɗaya an ware shi ne kawai don na'urorin su riƙa magana a tsakaninsu, babu maganar raguwar rabi. Kuma shi da kansa ya ce matakala a buɗe take. Ya sa ɗaya a ƙasan matakala, ɗaya a samanta, suna ganin juna. Ni haka na yi, kuma ina taron ofis ta bidiyo daga sama ba ya yankewa.

Malam Habu:
Sadiq, ba mesh nake suka ba, ni ma ina sa wa mutane. Kuma abin da ka faɗa a kan matakala gaskiya ne, tsakanin ƙasa da tsakiya zai iya yi. Amma gidanka hawa ɗaya ne, tsalle ɗaya siginarka take yi. Shi tsalle biyu ne, kuma a na biyun akwai ƙofar ƙarfe a rufe. Rediyon nan na uku da ka ambata a kan 5 GHz yake aiki, ko 6 GHz a sababbi, su kuwa sun fi 2.4 GHz gudu amma sun fi shi kasa ratsa bango. In na'urorin suka kasa jin juna da kyau, gudun na sama zai zube, ko su koma 2.4 su lallaɓa. Mutum zai ga sanda cike a sama ya rasa abin da ke damunsa, daidai abin da ekstenda ta yi masa, sai dai wannan karon da kuɗi mai yawa, don mai rediyo ukun shi ne mai tsada.

Akwai wata kuma. In ka ajiye na'ura a bakin matakala don ta ji 'yar'uwarta, ka ajiye ta ne inda ya dace da ita, ba inda ya dace da mutanen gidan ba. Ɗakin Hajiya yana ƙurya. Da kebul, ko a ƙofar ɗakinta kake so sai ka sa. Mesh ɗin da kake da shi ma ka juya bayansa, akwai ramin kebul. In ka haɗa su da kebul suna barin maganar iska su bi ta waya, ka samu sauƙin manhajar da kake so, ka samu cikakken gudu.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni a wani gida nan Zinder na ga wata dabara, na'ura biyu da ake sakawa a soket, rezo ɗin, wato intanet, ya bi ta wayar kuran (wutar lantarki) ta gidan ya fito a sama. Ba a fasa komai ba. Ko wannan ba zai yi masa ba?

Garba Mai Wayarin:
Ɗan Damagaram, na san su. Suna yi a gidan da wayarin ɗinsa layi ɗaya ne kuma mai tsafta. Amma gida irin wanda ya kwatanta, da wuya ka samu ba layi uku aka shigo da shi ba, an raba kowane hawa da nasa. In soket na ƙasa yana kan layi ɗaya, na sama yana kan wani, da ƙyar za su ji juna, ko su ji a wahalce. Sannan gidajenmu yanzu akwai soket na inbata daban, na wutar gari daban, ga janareta. Da an sauya wuta sai haɗin ya katse. Kuma ba sa son a saka su ta bayan sitabilaiza ko doguwar soket mai kariya, sai a bango kai tsaye, mu kuwa nan wa zai yarda ya saka na'ura mai tsada a bango kai tsaye da irin wutar da ake kawowa? Ban ba shi shawara ba.

Baban Hanifa:
Malam Garba ka canka, layi uku ne, kuma muna da sola da inbata, amma fitilu da fanka da wasu soket kawai take ɗauka. Na fahimci maganar kebul. Matsalar Alhaji ne. Bara aka sake fenti aka yi silin na POP a ƙasa da tsakiya. In na ce masa za a fasa bango, maganar ta mutu a nan.

Garba Mai Wayarin:
Ba sai an fasa ba, ranka ya daɗe. Ka fara duba ko akwai tsohon fayif a cikin bango da ba a amfani da shi, na wayar eriyar talabijin ko na intakom. Gidaje da yawa an binne su lokacin gini. In akwai, ana ɗaure sabon kebul a bakin tsohuwar wayar da tef sosai, a ja ta ɗaya ɓangaren, tsohuwa ta fita sabo ya shiga. Sai dai kada a yarda a cusa shi fayif ɗaya da wayar wuta, ko da akwai wuri. Haɗari ne, kuma yana dama sigina.

In babu, a bi ta waje. A bayan gida inda fayif ɗin ruwa da na banɗaki suke hawa, a ƙara fayif ɗaya na roba a jikinsu, babu wanda zai lura. A kowane hawa huda ɗaya ce kamar kaurin yatsa, a can sama kusa da silin. Mai hudar ya karkata ta, bakin waje ya fi na ciki yin ƙasa, don kada ruwan sama ya biyo kebul ya shigo ɗaki, sannan a toshe da silikon. Kada a bar kebul tsirara a rana. Ranar Kano tana busar da rigarsa ta farfashe, ruwa ya shiga, aiki ya lalace. Daga hudar zuwa inda na'ura za ta zauna sai a bi da tirankin, farar robar nan mai murfi, a kusurwar bango da silin. In an yi mata fenti kalar bangon, sai an nuna wa mutum.

Malam Habu:
Dukkan abin da Malam Garba ya faɗa haka ne. Bari in ƙara a kan kebul ɗin kansa, don nan ne ake cutar mutane. Ka sayi Cat6, ko Cat5e ma yana ɗaukar gudun gigabit ɗaya. Iyakar tsawon da aka ƙayyade wa kebul ɗaya mita 100 ne, gidanka ba zai kai ba. Cikakken kwali mita 305 ne, amma ana yanka wa mutum a mita.

Abin lura, kasuwa cike take da kebul da aka rubuta Cat6 a jikinsa amma cikinsa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. A kwalin wani lokaci za ka ga an rubuta CCA, wani lokaci ba a rubuta komai. Ka ce a yanko maka ɗan guntu a shagon, ka fere waya ɗaya, ka kankare ta da reza. In jan ya goge fari ya fito, ka ajiye musu kayansu. In ja ne har ciki, shi ne. Na alminiyam yana karyewa a wurin lanƙwasa, kuma in za a tura wuta ta cikinsa yana zafi, wutar tana raguwa kafin ta isa. Araha ba ta ado, musamman ga abin da za a sa a fayif a manta da shi.

Maganar tura wuta, ita ce ta sa nake son AP na silin a gida irin naka. Akwai siwic, wato ƙaramin akwati mai ramukan kebul da yawa, da ke aika wuta da intanet ta kebul ɗaya, ana ce masa PoE. Ƙaramin mizaninsa yana ba da har wat 15.4 a kowane rami, na gaba da shi wat 30. Siwic ɗin da rauta kawai za ka saka a soket na inbata, duk sauran na'urorin daga nan za su sha. An ɗauke wuta ko an kawo, Wi-Fi na gidan bai sani ba. Da mesh kuwa kowace na'ura tana son soket nata, kuma in ta tsakiya ba ta kan inbata, da an ɗauke wuta ta mutu, ta sama ma ta bi ta in ta iska suke haɗe.

Maman Sultan:
Assalamu alaikum. Ni ba injiniya ba ce, amma akwai abin da ban ga an taɓo ba. Yaya, ka ce rautar mai layin waya ce. To me take yi a ƙasa bayan talabijin? Ni ina sayar da atamfa da leshi ta bidiyo kai tsaye, sabis shi ne jarina. Tawa da tana falo a ƙasa, na kai ta sama na ɗora a tagar da ke kallon eriyar kamfanin, bambancin ba kaɗan ba ne, musamman wajen tura bidiyo. A ƙasa katanga da gidajen maƙwabta sun tare ta. Ka ɗauke ta ka zagaya da ita tagogin sama ɗaya bayan ɗaya kana gwada gudun, ba ko sisi za ka kashe ba.

Malam Habu:
Maman Sultan, Allah ya saka da alheri, wannan magana ce babba. Irin wannan rauta aiki biyu take yi masu karo da juna: tana son bakin taga a sama don ta ji eriyar waje, tana kuma son tsakiyar gida don ta raba Wi-Fi. Ba ta iya zama wuri biyu. Kebul ne ke raba gardamar. Rauta ta koma sama inda sabis ya fi, ta ci gaba da ba hawan sama Wi-Fi, siwic a gefenta, kebul biyu su sauko, ɗaya tsakiya ɗaya ƙasa. Ka ga na'ura biyu kawai zai saya maimakon uku.

Ɗan Damagaram:
Amma kada a sa ta inda rana ke dukanta ta gilashi, ko a ɓoye siwic tsakanin kwano da silin. Zafin watan Afrilu a wurin nan ba na wasa ba ne, na'ura sai ta riƙa kashe kanta da rana tsaka.

Maman Sultan:
Sai kuma kalmar sirri. Wallahi wani lokacin ba bango ba ne, jama'a ce. Yanzu waya tana nuna lambar QR ta Wi-Fi, yaro ɗaya ya nuna wa abokinsa, kafin mako duk majalisar ƙofar gida tana kai. Tunda akwai samari a gidan, a buɗe musu Wi-Fi na baƙi daban, a ƙayyade masa gudu, a riƙa canza kalmarsa. Na manya kuma kai da kanka za ka sa wa Alhaji da Hajiya a wayoyinsu.

Nura Ɗalibi:
Malam Habu, don Allah tambaya. Mu da ba mu da kuɗin AP, akwai tsofaffin rauta biyu a gidanmu. Za su iya wannan aikin?

Malam Habu:
Sosai ma, Nura, in dai kebul ya isa gare su. Ka shiga saitinta ka duba ko akwai inda aka ce ta yi aiki a matsayin AP, ka zaɓa. In babu, ka kashe abin da aka rubuta DHCP, wato rabon adireshi ga na'urori, ka ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar rauta ba, sannan ka saka kebul a ramin da aka rubuta LAN, ba wanda aka rubuta WAN ba. Mai rabon adireshi ɗaya ake so a gida. In suka zama biyu, za ka ga waya ta haɗu amma intanet babu, yau ta yi gobe ta ƙi. Ka duba kuma ko ramukanta na gigabit ne, tsofaffi da yawa megabit 100 suke tsayawa, ko da yake wannan ma ya ishi kiran bidiyo da karatu.

Wannan ya kawo ni saiti, Baban Hanifa ka riƙe. Duk na'urorin a ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, har da rautar sama. A 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ga shi har da ƙasa hawa uku gare ka, kowane ya ɗauki ɗaya. Sannan abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani: a rage ƙarfin kowace, kada a ƙure. Waya ce ke yanke shawarar yaushe za ta saki wata na'ura ta kama wata, kuma tana da naci, muddin tana jin ta farko ko da kaɗan ne ba ta son saki. In ka ƙure ƙarfin ta ƙasa, Hajiya za ta hau ɗakinta wayarta tana maƙale da ta falon Alhaji, ga tata a saman kanta ba ta kama ba.

Sadiq Kaduna:
To ai nan ne mesh ya fi. Shi da kansa yake tura waya zuwa na'urar da ta fi kusa, ba sai ka zauna kana zaɓen tasha ba. Mutumin da ba sana'arsa ba ce, wa zai riƙa yi masa wannan saitin duk lokacin da abu ya rikice?

Malam Habu:
Yana taimaka wa waya, ba ya tilasta mata, kuma AP na kamfani ɗaya ma suna da wannan taimakon. Amma maganarka ta sauƙi na karɓa. In ya fi son manhaja, ya sayi mesh mai guda uku, ya kashe Wi-Fi na rautar gaba ɗaya, ya sa mesh ɗin a yanayin AP, ya haɗa su da kebul, ya tabbatar kowanne yana kan soket na inbata. Ni abin da ba zan sa hannu a kai ba shi ne a ce sigina ta ratsa dekin biyu da ƙofar ƙarfe ta iska.

Sadiq Kaduna:
A kan hawan sama na sallama. Tsakanin ƙasa da tsakiya dai har yanzu ina ganin da ya gwada ba kebul.

Baban Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na mayar da ekstenda bakin matakala, jiya Hajiya ta yi kiran daga falonta, bai yanke ba sai sau ɗaya, amma cikin ɗakin kwana har yanzu babu. Na kuma bi shawarar Maman Sultan, tagar ɗakina ta gabas ta fi ko'ina, har ta fi falon Alhaji. Na nuna wa Alhaji inda fayif zai bi a bayan gida, ya amince, sharaɗinsa kada a taɓa POP ɗin falonsa. Tunda fayif zai wuce ta tsakiya ko yaya, Sadiq, gara a sauke kebul ɗin a nan ma. AP biyu zan saya da siwic. Saura ɗakunan samari, tsakaninsu da babban gida kamar taku ashirin ne. In ja musu kebul ta sama daga baranda?

Garba Mai Wayarin:
A'a, kada a rataya shi a iska tsakanin gini biyu. Da damina in aka yi tsawa, ko ba a kan gidan ta faɗa ba, wayar jan ƙarfe mai tsawo a waje tana ɗaukar wuta ta kai wa na'urorin da ke bakinta biyu. Rautarka da siwic duk suna iya tafiya dare ɗaya. In dole sai kebul, a binne shi cikin fayif, a sa na'urar kariya daga tsawa a kowane baki, a haɗa ta da as na gidan, wato wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa.

Malam Habu:
Ko a ja faiba, ita gilashi ce, wuta ba ta bin ta, sai dai tana son 'yar na'urar juyawa a kowane baki. Amma a taku ashirin ni ba zan wahalar da kaina ba. Ka sa AP na waje, mai jure ruwa da rana, a bangon baya na babban gida a ƙarƙashin baranda, yana kallon tagoginsu. Fili ne tsakani, taga kawai zai ratsa, tsakar gida ma ta samu. Ka ga siwic mai rami biyar ya ishe ka, amma in bambancin kuɗin ba yawa ka ɗauki mai takwas, wata rana za a ce kyamara.

Na falon Alhaji ba sai a silin ba, akwai AP na bango, ko a sa shi a korido a bakin ƙofar falon, sama da tsayin mutum, nesa da talabijin da firij. Na tsakiya a sa shi a korido kusa da ƙofar Hajiya, ba a bakin matakala ba. Tunda ana jan kebul, a ja biyu-biyu zuwa kowane hawa, ɗayan a naɗe a ajiye, kuɗin aikin ɗaya ne. A rubuta wa kowanne suna a bakinsa biyu.

Kafin ka sallami mai aikin, ya sa testa a gabanka ka ga fitilu takwas sun kama a jere, don waya takwas ce a cikin kebul ɗin. Gigabit sai duk takwas ɗin, in wata ba ta zauna daidai a kan ba haɗin yakan faɗo megabit 100 ko ya ƙi gaba ɗaya, kuma ba za ka gane da ido ba. Daga nan ka koma kan gadon Hajiya da manhajar nan, ƙofa a rufe. In ba ka ga -65 ko abin da ya fi shi ba, a matsar da na'urar tun yana nan da tsaninsa.

Garba Mai Wayarin:
Kuma mai hudar ya kauce wa bim da filla, akwai rodi a ciki, a jikin bulo zai huda. Ya tambayi wanda ya yi wayarin gidan inda fayif ɗin wuta suka bi kafin ya ɗora inji a bango.